Injin Klaudiya na Biyu

"…ƙanwata ce fa, malam! Uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goya ta!"

Haka nake ɗaga murya a filin wankin mota na Titin Bauchi duk sanda baƙon direba ya tsaya yana kallon mace cikin dogayen takalman roba, riƙe da bindigar ruwa, ya juya ya tambayi na kusa da shi wai wannan matar waye. Inji yana ƙara, direbobi suna musun ƙwallo, mai shayi yana kaɗa cokali, in ba ka yi ihu ba ba mai jin ka. Ni kuma ba na so amsar ta fito daga bakin wani. Sunana Mwadkon, ita Klaudiya. Filin nata ne. Ni a ƙarƙashinta nake aiki, kuma wannan kalmar ta ƙarƙashi ta daɗe tana tsaya mini a wuya.

A Kuru, kudu da Jos, aka haife mu. Babanmu, ana ce masa Da Gyang, manomin acca ne da dankali. Ni da ƙyar na gama firamare, ita ta yi sakandare. Tun tana ƙarama ba ta da hayaniya, amma in akuyar gida ta ƙi kamuwa ita ake kira. Ni da yaran maƙwabta mu yi ta zagaye gida da igiya muna faɗuwa, ita kuwa ta zo ta gefe, ba ta kallon akuyar ma, tana wata 'yar magana ƙasa-ƙasa, sai ka ga dabba ta tsaya. Baba ya ce, "Kun gani?" Tun daga nan na fara jin haushinta.

Da ta gama makaranta ta sami aiki a gonar shanun madara ta wani dattijo a wajen Vom. Aikinta wanke shanu kafin a tatse su, sannan ta wanke daɓen da suka ɓata. Matan cocinmu suka yi ta magana, wai duk karatun nan a kashin shanu ya ƙare. Ni lokacin ina haƙar kuza, ni ke riƙe tiyon da ake fasa ƙasa da shi. Ruwa ya fito da ƙarfi, in kafa shi a gindin gaɓa har ta zube, a wanke a tsinci kuza. Ina dawowa gida da jar laka har gira da tsire a takarda, yara suna bi na. Ni ne babba a gidan, kowa ya sani.

Wata Lahadi na ce mata, "Ki bar warin nan ki zo ki sayar mana da abinci a bakin rami."

Ta ce, "Yaya, saniya dai ba ta ruftawa da mutum."

Ta daɗe a gonar nan. Ta san kowace saniya da halinta, wadda ke harbi da wadda ke tsoron ruwan sanyi. Sai dattijon ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da shanun. Akwai tsohon injin da suke wanke daɓe da shi, mai tura ruwa da ƙarfi ta siririn baki, an jefar da shi a lungu. Ta roƙa aka bar mata. A Keke Napep ta shigo da shi Jos, tana rungume da shi kamar ɗan maraƙi. Ta sami wani fili kusa da rijiya a gefen Titin Bauchi, ta fara da babura da Keke, daga baya 'yan bas suka gano ta.

In ka ga tana wanki za ka san daga inda ta fito. Ba ta taɓa tunkarar mota ta gaba. Ta gefe take zuwa, ta fara harba ruwan a kan takalminta ta ji ƙarfinsa, sannan ta dafa motar da tafin hannu ta ce, "To, tsaya." Daga nesa take farawa, ta matso a hankali. Direbobi suna dariya, suna cewa, "Madam, ba za ta harbe ki ba." Amma suna dawowa, don ba ta taɓa fasa wa kowa fitila ba, ba ta taɓa cika wa kowa inji da ruwa ba.

A layin nan namu na masu wankin mota ai ba wanda aka haifa da bindigar ruwa a hannu. Kowa da aikin da ya baro, kuma aikin yana nan a hannunsa. Na sama da mu mai ɗaukar hoto ne a da, waya ta kashe masa kasuwa. In ya gama wanki sai ya ja da baya ya rufe ido ɗaya yana kallon motar kamar amarya. Na ƙasa da mu tsohon mai aski ne, shi a gefen gilashi yake ƙarewa, yana bin layi kamar yana gyaran fuska. Ban yi tunanin nawa hannun ba sai da ya ja mini magana.

Abin da ya fito da ni daga kuza, gaɓa ce ta zabtare ta rufe ni har ƙugu. Da aka zaro ni, matata Suzana ta ce in zaɓa, ko rami ko ita. Ina zaune a gida ƙafa a kumbure Klaudiya ta zo, ta zauna a gefena tana ɓare gyaɗa, can ta ce, "Yaya, aiki ya yi mini yawa. Da za ka zo ka taya ni." Taya ta ce, ba ta ce ɗauka ba. Muka kama ɗaki a Jos.

Da na zo sai na tarar ashe akwai mai taya ta. Uzairu sunansa, magidanci ne, kakansa ya zo Jos tun zamanin Turawan kuza. Shi karas yake wankewa a kasuwar Farin Gada kafin ya zo wurinta. Karas kuwa in ka ƙuje shi ba mai saye, don haka hannun Uzairu laushi gare shi kamar na ungozoma. Ba shi da laifi ko ɗaya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Yana gaishe ni da "Babban yaya, an tashi lafiya?" Yana ɗauke mini bokiti. Amma in tsadaddiyar mota ta shigo, sai in ji, "Uzairu, zo ka kama wannan." In ta kawo gwate, faten acca irin na garinmu, a kula, tare suke ci. Ranar da na ji ta ce wa wani kwastoma, "Bari ƙanina ya duba maka," sai da na ajiye soson da ke hannuna. Mu biyu Mama ta haifa. Daga ina ƙani ya fito?

Bindigar ruwan ba ta ba ni ita sai in ta tafi cefane ko Uzairu ya tafi masallaci. Wata Juma'a kuwa duka biyun suka haɗu. Sai ga tifa ta shigo, laka har saman taya. A ƙofarta ta baya an zana zaki, baki a buɗe, jela a sama. Direban ya ce a wanke, ya tafi wurin mai shayi. Na ce yau za a san waye babba.

Na kama bindigar yadda na saba kama tiyo a rami. Na matsa kusa, na kafa ƙafa, na sa bakin a gindin lakar ina bi da shi sama. Laka tana zubowa gunduwa-gunduwa, raina fes. Na zagayo baya. Ban ga komai ba sai laka, ina turawa tana tafiya. Da feshin ya lafa, sai ga ƙarfe fari tas yana ƙyalli. Jela tana nan, ƙafafun baya suna nan. Daga ƙirji zuwa kai babu.

Direban ya zo da kofin shayi a hannu. Ya kalli ƙofar, ya kalle ni.

"Oga, ina zakina?"

Na ce, "Fentin ne ba shi da kyau."

"Zakin nan ya je Lafiya, ya je Gombe, ruwan sama ya dake shi bai tafi ba. Sai a hannunka?"

Wani ɗan bas ya leƙo ya ce, "Ai saura jela, ka bari ya ƙarasa." Fili ya ɗauki dariya. Ni har yau ina cewa zakin nan da kare ya fi kama, amma ranar ba wanda ya tsaya jin wannan.

Klaudiya ta dawo ta tarar da taro. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ba direban haƙuri, ta ce ita za ta kai motar wurin mai fenti a sake zanawa. Sannan ta tsaya a gaban ƙofar nan ta daɗe, tana shafa farin ƙarfen da yatsa. Ta juyo ta karɓi bindigar daga hannuna a hankali, ta miƙa wa Uzairu da ya dawo daga masallaci ko hula bai cire ba.

Daga ranar aikina ya koma cika durom da ruwa da kakkaɓe tabarmin mota. Suna kuma ya bi ni. Kashe-Zaki. Har mai shayi, "Kashe-Zaki, da madara ko babu?" Uzairu kaɗai bai taɓa kira na haka ba, ni kuma na fi son ya kira, in sami abin riƙewa.

Ana nan sai magana ta fito cewa Klaudiya za ta sayi inji na biyu. Duk wanda aka ba injin nan ya zama mai kansa, shi da kwastomominsa. Na ce wa Suzana, "In ta ba Uzairu, ni na koma rami. Ba zan tsufa ina jan guga wa ƙanwata da ƙanin da ta tsinta a kasuwar karas ba."

Suzana ta ce, "Ka koma ramin ka gani in za ka same ni a ɗakin nan."

To ka ji inda na tsaya. Inji, ko rami. Ramin kuma babu Suzana.

Sai abubuwa suka fara faruwa a gabana, kowanne yana ƙara mini zafi. Klaudiya da Uzairu suka shiga Keke suka tafi Dilimi, inda ake sayar da kayan inji, aka bar ni da gadin durom. Suka dawo suna dariya, wandon Uzairu jiƙe ta baya, ya ɗaure wuyan hannu da ƙyalle. Na ce me ya faru. Ya ce, "Ba komai, babban yaya, zamewa na yi." Suka kalli juna suka sake dariya. Na ce a raina, an je an gwada masa injinsa ke nan, har da wasan ruwa.

Bayan wannan ta sa aka kawo wani tsohon ƙyauren ƙarfe, tsatsa ta ci shi, fenti hawa-hawa, kore a kan shuɗi a kan ja. Aka jingina shi a bayan fili inda ba kowa. Da rana ta yi, motoci suka ragu, ta miƙo mini bindigar ba tare da ta kalle ni ba.

"Yaya, ɗan wanke mini wancan."

"Bola zan wanke?"

"In ba ka gaji ba."

A lokacin Uzairu yana goge wata baƙar jif da tawul, mai ita yana yaba masa. Na ɗauki bindigar na huce haushina a kan ƙyauren nan. Kore ya tafi, shuɗi ya tafi, ja ya tafi, tsatsa ta bi su. Na jefar da bindigar na koma wurin durom. Ina kallonta ta wutsiyar ido, ta je ta ɗauki hoton ƙyauren da waya. Na ce wato har hoto za a aika wa dangi a Kuru, a ga abin da Mwadkon ya koma.

Washegari wani mutum ya zo a babur, rigarsa duk ɗigon fenti. Na ji yana tambayar mai shayi, "Ina mutumin da ya cire zakin nan?" Mai shayi ya ce, "Malam Isa, ai yanzu yake nan." Isa shi ne mai fentin da aka kai wa tifar. Na ce wannan ko ƙorafi ya kawo ko dariya ya zo yi, ba na son ko ɗaya. Na zagaya bayan durom na tsuguna har ya tafi. Ina jin sa da Klaudiya suna magana a wurin ƙyauren, amma ƙarar inji ba ta bar ni na ji ba.

Da na koma gida na jawo tsohon shebur ɗina daga ƙarƙashin gado, da kwanon wankin kuza. Suzana tana tankaɗe, ta ɗago ta kalle ni.

"Ajiye wannan ka ji. Na haɗu da Suwaiba matar Uzairu a wurin niƙa."

"Ta zo yi miki albishir an ba mijinta inji?"

"Ta ce sabon injin ya kayar da mijinta a Dilimi. Yana matsa bakin, abin ya tura shi ya zauna a cikin ruwa. Har yanzu da man zafi take shafa masa hannu. Ta ce ba injin wankin mota ba ne, babba ne, Uzairu ya ce ko kyauta aka ba shi ba ya so."

"To wa za a ba?"

"Kai ka tambaye ni? Ta ce mai fenti ya gaji da sanfefa. Kafin ya kankare tsohon fenti a jikin babbar mota ɗaya, yatsunsa sun mutu. Da aka kai masa tifar ya ga inda ka wanke, sai ya ce waye wannan."

Na ce, "Zancen wurin niƙa ne. Kin haɗa shi ne don kar in tafi. In gaskiya ne me ya hana Klaudiya ta faɗa mini? Kullum muna tare."

Suzana ta ajiye rariya. "Ƙanwarka ta taɓa tunkarar wani abu ta gaba? Ta san in ta ce maka ga inji saboda zaki, cewa za ka yi ba'a take maka. Ta gefe take zuwa maka, Mwadkon, kamar saniya mai harbi."

"Ni ne saniyar?"

"Ni dai ban ce ba."

Maganar ta shige ni, amma na ƙi yarda. Na tuna ƙyauren, na tuna hoton, na tuna yadda ta shafa ƙarfen tifar da yatsa. Sai kuma na tuna gwaten da suke ci tare da "ƙanina", raina ya sake ɓaci. In mutum ya daɗe yana jin haushi ba ya so a ƙwace masa shi da labari mai daɗi. Na ce ko da gaskiya ne, ai da Uzairu aka je zaɓen injin, ba da ni ba.

Da safe ban je fili ba. Na ɗaure shebur da kwano a buhu, na fito bakin titi ina jiran motar Kuru. Kafin in fita na ga Suzana ta sauke akwatinta daga saman kabad ta ajiye a tsakar ɗaki. Mota ta farko ta zo a cike. Ta biyu ta tsaya, kwandasta yana cewa, "Bukur, Kuru, oga shigo da kayanka." Na sa ƙafa ɗaya a ciki, waya ta yi ƙara a aljihuna. Klaudiya.

"Yaya, kana ina? Durom ba ruwa."

"Ki sa ƙaninki ya cika."

Ina jin ana buga ƙarfe a bayanta, ba ƙarar filinmu ba ce.

"Ina garejin Malam Isa a Dilimi. An kawo injin. Maza sun taru sun sauke shi, an rasa mai riƙe bakin."

Kwandasta ya ce, "Oga, za ka shiga ko za ka sauka?" Na sauke ƙafata.

Na ce, "Uzairu fa?"

"Uzairu yana fili, can ne wurinsa. Wannan ba na hannun karas ba ne."

"Amma da shi kika je saye."

"Da kai zan je, ka tsaya yi wa mai kaya gardama a fasa? Na kai shi ne in gani. Na ce in ya kayar da Uzairu, to daidai hannun yayana ne."

"Yayanki kika ce? A gabansu?"

"A gabansu. Naka ne, Yaya. Kai da Malam Isa za ku shirya aikinku, ni ba ruwana. Abu ɗaya, kar ka kusanci motar kwastomana da shi."

Motar Kuru ta ja ta tafi, buhuna yana jingine a ƙafata.

"Kana ji na?"

"Ina ji. Ki kira Suzana ki faɗa mata da bakinki, ta mayar da akwatin nan."

"Ita ta kira ni ta ce kana bakin titi da shebur."

Sai na ji muryar namiji daga nesa, ta matso kusa da wayar. Malam Isa ne.

"Madam, ki ce wa Kashe-Zaki ya hanzarta. Ga giwa da dawisu nan a jikin motoci suna jiran sa."